Mma Damata da Injin da Ya Sha Man Kaɗe

Mahaifiyata ba ta iya magana a hankali ba. Shekara ashirin da wani abu ta yi tana tsaye kusa da injin niƙa, kunnenta ya yi nauyi, muryarta kuma ta yi ƙarfi, har idan ta ce za ta gaya maka sirri a tsakiyar Sakpayili, waɗanda suke gona ma sai sun samu rabonsu. Sunanta Damata. Mu 'ya'yanta da sauran mutanen gari Mma Damata muke ce mata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, girarta kullum fara fat da gari.

A gidan masu man kaɗanya aka haife ta. Tun tana yarinya ta san tsintar ƙwara, ta san dafa ta da shanya da suya, ta san kaɗawa da hannu cikin ruwa har farin mai ya taso sama. Daga baya ta auri babana Azindo, mai injin niƙa ɗaya tilo a garin. Bai taɓa koya mata komai ba. Abinci take kai masa, ta zauna a kan buhu tana kallo tana saurare. Da ya rasu, ina ɗan shekara tara, ƙaninsa Baffa Lansa ya ce a sayar da injin, tunda mace ba ta iya juya ƙarfen tayarwa. Mma ta ci ɗamara da kallabi, ta juya shi a gabansa sau shida, injin ya ɗauka. Ta ce, "Lansa, me ka ce? Ban ji ka ba, ƙara ta yi yawa!"

Tsoho take kiran injin. Kore ne, mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu masu juyawa, da duron ruwa a gefe don sanyaya shi, da salansa da ta leƙa waje ta cikin bango. Idan mata suna jiran layi takan yi musu karatu a kansa, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

"Tsoho ba gas yake ci ba, wuta yake ci," in ji ta. "Gas ɗin ƙwarya ce kawai da aka zubo wutar a ciki. Kun taɓa taɓa famfon keke bayan an ba taya iska? Da zafi ko babu? To haka Tsoho yake matse iska a cikinsa har ta fi garwashi zafi. Sai ya fesa mata mai, kamar mai guga yana fesa ruwa da baki. Mai ya kama, bum, ya tura fistin kamar taɓarya. Taɓarya ta juya ƙafa, ƙafa ta ja bel, bel ya juya haƙoran niƙa, ke kuma ki tafi da garinki kina zagina wai na rage miki mudu."

Tana kuma cewa ɓarawo ne. In ka ba shi loma uku, ɗaya kaɗai yake kai wa masara. Ɗaya zafi ce da take tafiya cikin duron ruwa, ɗaya ta gudu ta salansa. Saboda haka ba ta ƙyale shi. Da ruwan duron muka yi wanka duk yarintarmu, a kan salansar kuma take gasa masara.

Abu ɗaya ne ba ta da shi, wato take nata na kanta. A wurinmu duk babban da ya isa yana da takensa a hannun makaɗa, kuma abin da suka sa a kalangu ba ya fita. Akwai gidan da har yau ake kaɗa musu "Miya ta ƙare," saboda wani biki da aka yi tun zamanin kakan kakansu. Mma kuwa taken mahaifinta ake ara mata. Babban makaɗin garinmu, Nindo, taubashinta ne, kullum yana ce mata, "Ina nan ina miki ɗinki, Damata. Jira nake ki yi abin kunya mai kyau in auna ki."

A daminar bara matata Sanatu ta haifi tagwaye, jikokin Mma na fari. Ranar da suka cika kwana biyu ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Karaga. Babu babur mai ƙafa uku da ya sake shigowa da jarkar gas. Surukaina kuwa a Tuyili suke, wannan gefen rafin da ya yanke hanyar, babu abin da zai hana su zuwa, kuma sun aiko cewa mutum sittin ne banda yara.

Ana gobe suna, da hantsi, buhun masara uku suna jingine a rumfar inji, da bahon jiƙaƙƙiya biyu na koko. Mma ta karkata jarka, abin da ya fito bai cika gwangwanin madara biyu ba. Duwatsun niƙa na garin kuwa sun daɗe da zama wurin wanke ƙafa. Ko an tara turamen unguwa duka, buhu uku ba za su zama gari kafin gobe ba.

Nindo ya zo da kalangunsa a hammata, ya leƙa gwangwanin, ya yi wata dariya har da riƙe bango.

"Alhamdu lillahi, ɗinki ya kammala! Saurara." Ya ɗan taɓa fatar. "Damata mai inji, baƙinta sun sha ruwa sun kwanta."

"Bakinka ya bushe, ɗan gidan masu roƙo!"

"Ya hau kalangu daidai, wallahi. Tagwayen nan da shi za a aurar da su."

Aka yi dariya, amma na ga Mma ba ta yi ba. Ta san da wasa yake, ta kuma san in surukai suka kwana da yunwa wasan zai zauna.

Baffa Lansa ya iso da babbar riga. Shi ne babban gidanmu yanzu, mutum mai son tsari, wanda ko akuya ta wuce gaban manya ba ta rage sauri ba sai ya yi mata faɗa. Ya ce, "Akwai fetur a babur ɗina. A zuba. Mai ai mai ne."

"Mai ai mai ne? To gobe in zuba maka kananzir a miya." Ta juya gare shi. "Fetur ɗan gata ne, sai an ƙyasta masa wuta da fulogi. Tsoho ba shi da fulogi. Ka ba shi fetur ya yi ta ƙwanƙwasa har ya cinye famfonsa. Mai nauyi yake so, mai santsi, wanda zai..."

Ta yi shiru. Ba mu saba jin haka ba, har muka dube ta. Idonta yana kan hannunta, wanda ta shafa wa jarirai man kaɗe da shi da safe, yana ƙyalli.

"Wumbei," ta ce mini, "je ka ɗauko ƙwaryar nan biyu da ke ƙarƙashin gadona."

"Na jarirai, Mma?"

"Jarirai nawa ne jikinsu? Ɗauko!"

Baffa ya riƙe haɓa. "Damata, man shafa za ki ba ƙarfe? Kaushi yake yi?"

"Fitilar uwarka da me take ci kafin kananzir ya zo garin nan? Rana ce ta shiga bishiya, bishiya ta ɓoye ta a ƙwara. Wuta ce a ciki tana barci. Matsa mini."

Ta narkar da man a tukunya, ta tace shi da sabon kallabi har sau uku. Ta tayar da Tsoho da ɗan gas ɗin da ya rage, ta bar shi ya yi zafi har duron ya fara tururi. Sannan ta rataya babban gwangwani cikin ruwan zafin duron, ta cika shi da narkakken mai, ta ja siririn tiyo mai haske daga gwangwanin zuwa famfon inji. Kowa yana ganin man yana tafiya a ciki kamar zuma.

Tsoho ya yi tari. Ya sake tari. Nindo ya ɗaga sandar kiɗa. Sai muryar injin ta dawo, tuf, tuf, tuf, har ta fi ta kullum laushi, hayaƙin salansa ya fito da ƙanshin suya.

Abin da ya faru bayan nan ban taɓa ganin irinsa ba. Mata suka yi guɗa. Wata ta fito daga gida da kwano tana tambayar wa ke suyar ƙosai ba a gaya mata ba. Karnuka uku suka zauna a ƙarƙashin salansa suna lashe baki. Kafin azahar layi ya kai gindin rimi, don garin duka ya kwana huɗu ba niƙa, kowace mace da kwanon hatsi a ka da curin man kaɗe a hannu, suna gardamar na wa Tsoho zai fi so. Mma tana ihu tana rawa da kafaɗa tana zuba masara. Nindo ya ce, "Kin ɓata mini ɗinki, muguwa," amma da ƙafarsa yake bin tuf-tuf ɗin.

Abu ɗaya ta faɗa, ta kuma faɗe shi da ƙarfin da har 'yan Tuyili za su iya shaida: "Kada wanda ya kashe shi! Gas ya ƙare. In ya huce da man nan a cikinsa, shi ke nan."

Buhu ɗaya da rabi ya zama gari lokacin da aka aiko cewa ungozoma tana nemanta a gida. Ta bar ni a bakin haƙora, ta tafi. Ba ta daɗe da fita ba sai ga laimar sarkin gari ta ɓullo daga gindin rimi, da mutum biyar a bayansa.

Baffa Lansa ya miƙe kamar an tsikare shi. A wurinmu ba a barin wata murya ta hau ta sarki. Mai daka takan ajiye taɓarya, mai rediyo ya kashe. Na ce, "Baffa, Mma ta ce..."

"Mma ta ce! Sarki a ƙofa, ƙarfe yana masa ihu a ka? A gidan wa aka yi maka tarbiyya?"

Ya kai hannu ya ja linzamin kashe inji. Tsoho ya yi tuf, ya yi tuf, ya yi shiru. Muka durƙusa gaba ɗaya muna tafi a hankali.

Sarkinmu dattijo ne mai kirki, kuma ba ya gaggawa. Ya tambayi kwana, muka amsa yadda ake amsa gaisuwa a wurinmu, "Naa." Ya tambayi sanyi. "Naa." Mai jego, jarirai ɗaya bayan ɗaya, gona, doya, kwalbati. "Naa, naa." Sai ruwa ya sauko da iska, aka shigo da shi cikin rumfa, aka ba shi kujera dab da Tsoho. Baffa ya aika a kawo goro. Sarki ya fara ba da labarin ambaliyar da aka yi yana saurayi.

Ana cikin haka Mma ta shigo a guje, jiƙe sharkaf. Ta ga laima, ta ga Baffa, ta ga bel a tsaye. Ba ta da yadda za ta yi, ta durƙusa. Sarki ya ji daɗin ganinta, ya sake gaisuwar daga farko.

"Damata, ya sanyi?"

"Naa."

Bakinta yana "Naa," idonta yana kan tiyo. Ni ma na bi shi da kallo. Zumar nan ta fara dushewa. Ta koma kamar kunu. Daga wajen bango, inda iska ke shigowa, fari ya fara tafiya a hankali yana nufar famfo. Duk lokacin da sarki ya ce "a wannan shekarar," farin ya ƙara taku ɗaya. Mma ta kalli Baffa, kallon da ya sa ya gyara hularsa sau biyu. Nindo a bayanta yana motsa yatsu a kan kalangu ba sauti, kafaɗunsa suna rawa.

Sai da la'asar ta yi, ruwa ya tsagaita, duron ya daina tururi tuntuni, sannan sarki ya tofar da goro ya ce, "To, ni fa abin da ya kawo ni, an ce mini injinki yana shan man kaɗe. Na ce sai na ji da kunnena. Tun daga fada nake jin ƙararsa ina sauri, ina isowa kuma ya yi shiru. Lafiya? A tayar in gani."

Nindo ya faɗi gefe don dariya. Wata mata ta cusa bakin zane a baki. Baffa Lansa ya zama kamar an zare masa ƙashi.

Na juya ƙarfen tayarwa har idona ya yi duhu. Baffa ya tuɓe babbar riga ya karɓa. Tsoho ko tari bai yi ba. Mma ta zare tiyon ta matsa shi, man ya fito fari, a miƙe, kamar alli.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, da muryarta ta sirri, "man ya koma barci. Ladabin Lansa ne ya yi masa shimfiɗa."

Sarki ya dubi Baffa. "Lansa, kai ka kashe?"

"Ranka ya daɗe, girmanka..."

"Girmana zai tuƙa wa mutanen Tuyili tuwo?"

Rana ta yi ƙasa, buhu ɗaya da rabi da bahon koko biyu suna nan. Mma ta dafa kan injin da tafin hannu, ta dafa famfo, ta dafa bututun ƙarfen da ke kai mai sama. Duk sanyi. Daidai nan tsohuwa Napari, ungozomar garinmu, ta leƙo tana faɗa, wai ruwan wankan mai jego ya tafasa tun ɗazu, ba wanda ya zo ya kama mata tukunya.

Mma ta juya a hankali. "Iya Napari, tukunya nawa?"

"Biyu. Me ya faru?"

"Sanatu ta yi haƙuri yau. Ga wanda ya fi ta buƙata."

Aka kawo tukwanen. Aka zubar da ruwan duro aka cika shi da tafasasshe. Iya Napari, da ta gane abin da ake so, ta ture kowa. Ta tsoma tsumma a ruwan zafi tana gasa famfon da bututun, tana dannawa kamar yadda take yi wa bayan mai jego, tana masa magana: "Yi haƙuri, ɗan nan. Na san da zafi. Kowa haka ya sha." Mata suka kawo kaskon garwashi biyu aka ajiye nesa kaɗan da mai, ana fifita zafin zuwa kan injin. Sarki da kansa ya ba da mafificinsa. Mma ta kwance bakin bututun, ta sa ni ina juya ƙafa a hankali, har farin ya gama fita, zuma mai zafi ta biyo baya. Ta ɗaure.

"Lansa, kai ka kwantar da shi, kai za ka tashe shi."

Baffa ya tofa yawu a tafi. Ya juya, ya juya, mata suna ƙirga masa da waƙa, Nindo yana bin su da kalangu. A na tara Mma ta saki ɗan harshen ƙarfen da ke kan injin. Tsoho ya yi wani tari mai baƙin hayaƙi, ya yi shiru kamar yana tunani, sannan tuf. Tuf. Tuf, tuf, tuf.

Sarki ya miƙe yana faɗin wani abu da hannu sama. Babu wanda ya ji ko kalma ɗaya. Baffa ya kalli linzamin, Mma ta ɗaga muciya, ya mayar da hannunsa aljihu. Da liman ya biyo ta wurin, da gira aka gaishe shi, shi ma da gira ya amsa. Ana kiran magariba garin ƙarshe ya zubo. Mma ta tsiyaye sauran man tun da zafinsa kafin ta bar Tsoho ya huta.

Bayan kwana huɗu aka gyara hanya, ta koma wa gas. Ta ce man kaɗe abincin baƙo ne, yana barin baƙar toka a bakin nozul mai fesa mai, kuma jarirai ma suna da haƙƙi.

Amma ranar suna, bayan an raɗa wa yara Dawuni da Pagawuni, mutanen Tuyili sun ci tuwo har sun kwance ɗamara, Nindo ya shigo tsakar gida da makaɗa shida. Ya tsaya gaban Mma, ya buga wani take da ba a taɓa ji ba, ya rera: "Damata, ta ba ƙarfe man kaɗe, ta yi masa wankan jego. Sarki ya yi magana, injinta ya amsa."

Gidan ya ɗauki guɗa. Mma tana zaune da jariri a kowane hannu, ta karkata kai.

"Me yake cewa?"

Nindo ya nuna Baffa Lansa da sandar kiɗa. "Babban gida ne ke isar da saƙo."

Baffa ya sunkuya kusa da kunnenta, cikin sabuwar babbar riga, a gaban surukai sittin, ya faɗa mata.

"Ɗaga murya, Lansa, ka san kunnena."

Ya ɗaga. Ta ce daga inda aka ambaci sarki ne ba ta kama ba. Ya sake, wannan karon har jijiyar wuyansa ta fito.

Ni ina kusa da ita. Tun bugun farko na ga ƙafarta tana bin kiɗan a ƙarƙashin zane.